Yadda na yi aikin binciken talaucin yara, daga cike fom har fitowar rahoto

Tun da na gama aikin tattara bayanai a binciken da gwamnati ta gudanar kan halin da yara ke ciki, tambayoyi iri biyu ake yawan yi mini. Matasa masu neman aiki suna son su san yadda ake shiga da abin da ake buƙata. Iyaye kuwa, musamman waɗanda aka taɓa shiga gidajensu da sikeli da katakon awon tsawo, tambayarsu ɗaya ce: yaushe tallafin zai iso? Ni ma kafin in shiga aikin a dunƙule nake ɗaukarsa, ina ganin gwamnati za ta bi gida-gida ta rubuta sunayen marasa ƙarfi, daga baya ta aiko musu da wani abu. Ashe bincike daban, rajistar tallafi daban, kuma rashin rarrabe su yana jawo ɓacin rai ga mai tambaya da wanda ake yi wa tambayar. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na bi ta kai daki-daki, don wanda zai shiga ya shiga da saninsa, wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa kuma ya san abin da ake nema a wurinsa.

Farkon abin sanarwa ce na gani a shafin hukumar ƙididdiga, ana neman masu tambayoyi, masu auna yara da shugabannin tawaga na wucin gadi. A intanet ake cike fom ɗin. Abin da aka nema shi ne takardar shaidar karatu, katin shaidar ɗan ƙasa, hoton fasfo, lambar waya, lambar asusun banki mai ɗauke da sunanka, da jerin harsunan da kake ji kake kuma iya magana da su. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, domin a wurin tantancewa ya fi wasu manyan takardu nauyi, tunda ba a tura mutum inda sai an yi masa tafinta. Shafin ya yi ta cijewa saboda yawan masu shiga, sai da na bari dare ya yi sannan takarduna suka hau. Ban biya ko sisi ba don cike fom, kuma ba a biya. Kuɗin da na kashe na ɗaukar hoto ne, da kwafin takardu, da data. Ina jaddada wannan ne saboda a kwanakin an yi ta turo saƙonni ta waya, wasu na cewa a tura musu kuɗi su sa sunan mutum a jerin waɗanda aka ɗauka. Duk wanda ya nemi kuɗinka a wannan mataki ɗan damfara ne. Bayan na tura sai jira, jira mai tsawo ba ko saƙon an karɓa, har na fara cire rai. Kwatsam sai ga saƙo cewa in zo tantancewa da ainihin takarduna.

Ranar tantancewa na yi sammako, amma na tarar da layi ya riga ya yi nisa. A teburin farko ana duba takardu ana haɗa su da abin da mutum ya cike. Na ga waɗanda aka mayar saboda sunan da ke katin shaidarsu bai yi daidai da na asusun banki ba, wani harafi ɗaya ne ma ya bambanta. A tebur na biyu aka ba mu gajeriyar jarrabawa: lissafi mai sauƙi, karanta sakin layi a amsa tambayoyi, sai kuma a miƙa maka kwamfutar hannu a ga ko hannunka ya saba. Na ƙarshe ganawa ce da mutum biyu. Wata dattijuwa a cikinsu ta ba ni tambaya a rubuce, ta ce in juya ta zuwa harshen da zan yi aiki da shi, in yi mata ita kamar ita ce uwar gidan. Da na gama sai ta ce, "'Yata, kin ƙara kalmar da ba ta ciki, kin nuna mini amsar da kike so in ba ki." A ranar na fara gane cewa karanta tambaya yadda take, ba ƙari ba ragi, shi ne rabin aikin. An ɗauki mutane fiye da adadin da ake buƙata zuwa horo, aka kuma gaya mana ƙarara cewa shiga horo ba shi ne samun aiki ba, sai wanda ya ci jarrabawar ƙarshe.

Horon ya ɗauki makonni, daga safe har yamma, kuma a nan ne tunanina ya sauya. Malamin da ya buɗe mana ya fara da bayanin yadda ake auna talauci. Hanya ta farko ta kuɗi ce: a duba abin da gida ke samu ko yake kashewa, a gwada da wani layi. A wancan lokacin Bankin Duniya yana amfani da dala 2.15 a rana ga mutum ɗaya, kuma da wannan ma'aunin ne shi da UNICEF, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ƙiyasta cewa yara miliyan 333 ke cikin matsanancin talauci a 2022. Sai dai yaro ba ya riƙe kuɗi. Ana iya samun gida mai ɗan abin hannu, amma yarinyar gidan ba ta zuwa makaranta, ruwan da suke sha ba mai tsabta ba ne, jaririn kuma ba a yi masa rigakafi ba. Don haka aka fito da hanya ta biyu, wadda ke duba fuskoki da dama na rashi. Masana biyu, Sabina Alkire da James Foster, su suka tsara lissafinta, kuma tun 2010 cibiyar nazarin talauci ta Jami'ar Oxford da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke fitar da alƙaluman duniya a kanta. Abubuwa goma ake dubawa a ƙarƙashin lafiya, ilimi da yanayin rayuwa: gina jiki, mutuwar yara, shekarun karatu, zuwa makaranta, makamashin girki, banɗaki, ruwan sha, lantarki, ginin gida da kadarori. Gidan da rashinsa ya kai kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin, an lissafa shi cikin matalauta. Rahoton 2023 ya nuna mutum biliyan 1.1 ke cikin wannan hali a ƙasashe 110, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 18. Da na ji haka sai na fahimci dalilin da za mu riƙa tambayar abin da aka yi daɓen ɗaki da shi, da tsawon lokacin da ake ɗauka a je ɗebo ruwa a dawo. Idan zuwa da dawowa ya kai minti 30, ko ruwan mai kyau ne ana ɗaukar gidan a matsayin mai rashi, kuma kowa ya san galibi yara ne ke wannan zirga-zirgar.

Kundin tambayoyinmu an gina shi ne a kan tsarin binciken MICS, binciken gida-gida kan halin yara da mata wanda UNICEF ta ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1990, ƙasashe fiye da ɗari suka yi amfani da shi. Akwai kundin gida gaba ɗaya, akwai na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, akwai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 wanda uwa ko mai reno ke amsawa, akwai kuma na 'yan shekara 5 zuwa 17. Mace ke yi wa mace tambayoyi, namiji ya yi wa namiji. Mun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, muna yi wa juna, ɗaya ta zama uwa ɗaya ta zama mai tambaya. An daɗe ana muhawara a kan ma'anar gida kansa, domin a binciken ba gini ake nufi ba, mutanen da ke kwana wuri ɗaya suke kuma ci daga tukunya ɗaya ake nufi. Gini guda zai iya ƙunsar gidaje huɗu. An kuma sa kowannenmu ya sa hannu a takardar riƙe sirri, cewa abin da ka ji a gidan mutane ba za ka faɗa wa kowa ba, ko da abokin aikinka ne da ba ya cikin tawagar, kuma ba a ɗaukar hoton kowa.

Ni ɓangaren awon yara aka tura ni, kuma shi ya fi ba ni wuya. A ido abu ne mai sauƙi, amma santimita ɗaya tana iya mayar da yaro mai ƙoshin lafiya cikin jerin waɗanda suka tsumbure, ko ta fitar da wanda ya kamata ya shiga. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi, wanda ya kai kuma a tsaye, tunda tsawon kwance yakan ɗara na tsaye da kusan santimita 0.7. Mutum biyu ke yin awon: ɗaya ta riƙe kan yaro ya jingina da katako, idonsa na kallon sama, ɗaya ta danna gwiwoyi a hankali ta turo allon ƙafa, ta karanta lambar da ƙarfi, mai rubutawa ta maimaita. Nauyin jariri kuwa uwa ke fara hawa sikeli, a mayar da shi sifiri, sannan a miƙa mata yaron. Akwai tef ɗin awon damtse na 'yan wata 6 zuwa 59, mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Sai gwajin kumburi, a danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsu na daƙiƙa uku, a ga ko wurin zai lotsa ya tsaya. Jarrabawarmu ita ce aka kawo yara goma da iyayensu, kowa ya auna kowane yaro sau biyu ba tare da ganin abin da ya rubuta da farko ba, sannan a gwada da awon ƙwararre. Ɗakin ya cika da kuka, zufa na karyo mana, iyaye sun gaji. Wasu daga cikinmu ba su tsallake ba, aka ba su damar sakewa, wasu kuma aka sa su a jerin jiran ko-ta-kwana. Da aka kafe sunaye na ga nawa, sai da na nemi wuri na zauna.

Kafin a fita aikin sosai an yi gwaji a wata unguwar da ba ta cikin waɗanda aka zaɓa don binciken, don a ga inda za mu yi tuntuɓe. Daga nan aka raba tawaga-tawaga, kowace da shugabanta, masu tambayoyi, mai awo da direba. An ba mu katin shaida, riga mai tambari, wasiƙar gabatarwa, taswira, kwamfutar hannu da batirin ajiya, kowa ya sa hannu a kan abin da ya karɓa. An ce za a tura wani kaso na alawus kafin tashi, amma bai shigo ba sai da muka yi nisa a hanya. Wanda bai zo da kuɗinsa ba ya ji jiki. Duk mai shirin wannan aiki ya tanadi abin da zai riƙe shi na kwanakin farko, na masauki da waya da sauran buƙatu, kada ya dogara da alƙawarin ranar tashi.

Abin da na so a ce na sani tun farko shi ne ba mu ke zaɓen gidaje ba. Watanni kafin zuwanmu wata tawagar ta riga ta zagaya ta lissafa dukkan gidajen yankin ta zana taswira, sannan kwamfuta ta zaɓi wasu ƙalilan ta hanyar ƙuri'a. Mu jerin kawai aka ba mu, ba mu da ikon cire gida ko musanya shi da na kusa, ko da mun tarar da shi a kulle. Sai dai mu rubuta, mu sake dawowa a wani lokacin, aƙalla sau uku kamar yadda ƙa'ida ta ce. A duk inda muka sauka mukan fara zuwa wurin mai unguwa da wasiƙa. A wuri na farko, bayan ya karanta sai ya ce zai ba mu jerin mabuƙata na gaskiya, tunda shi ya san mutanensa, kuma cikin gidajen da ke takardarmu har da na masu hali. Shugaban tawagarmu ya ce, "Ranka ya daɗe, idan likita zai gwada jini ba ya zuƙe na jiki duka, ɗan kaɗan yake ɗiba. Mu ma kaɗan muke ɗiba, amma dole ya haɗa da mai shi da maras shi, in ba haka ba lissafin ba zai nuna yadda garin yake ba." Ya yi shiru, sannan ya haɗa mu da ɗan rakiya. Na ga damuwa a fuskarsa, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi za a tsare da tambaya bayan mun tafi.

A kowane gida kafin tambaya ta farko sai an karanta takardar neman yarda: su wane ne mu, me muke yi, tsawon lokacin da za mu ci, cewa mutum na da ikon ƙin amsawa, kuma babu wani abu da za a ba shi saboda ya amsa. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a bakina. Wata rana muna fitowa daga wani gida, maƙwabciyarsu, tsohuwa mai riƙon jikoki uku, ta tare ni a ƙofa ta kama hannuna. Ta ce, "'Yar nan, ki dubi Allah ki rubuta ni. Su da kuka shiga wurinsu sun fi ni ƙarfi, ubansu na nan. Waɗannan marayu ne." Na ce, "Inna, wallahi ko na rubuta ki babu abin da zai zo, su ma da muka shiga babu abin da zai zo musu da sunansu. Ba rabo muke rubutawa ba, ƙirga halin da yara ke ciki muke yi." Ta dube ni ta ce kowa haka yake faɗa idan ba ya son taimako. Na san da na buɗe littafi na yi kamar ina rubutu, da ta sake ni da addu'a. Akwai masu yin haka don a rabu lafiya. Amma wannan cuta ce, domin za ta yi shekaru tana jira, kuma tawagar da za ta zo bayanmu ita za ta girbi fushin. Abin da na iya yi shi ne na gaya mata ofishin jin daɗin jama'a na yankin ke da alhakin rajistar tallafi, na kuma roƙi ɗan rakiyarmu ya kai maganarta wurin mai unguwa. Na kwana da abin a raina.

Shekarun yara su ne wahala ta biyu. Duk lissafin tsumburewa da na ƙarancin nauyi ya rataya ne a kan sanin watannin yaro, saboda ana gwada tsawonsa da nauyinsa da ma'aunin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. Inda akwai takardar haihuwa ko katin rigakafi, cikin minti ɗaya an gama. Inda babu, sai a zauna da uwa a bi da ita a hankali: kafin damina ne ko bayanta, wa ya riga zuwa duniya tsakaninsa da ɗan maƙwabciya mai kati, wane babban abu ya faru a lokacin. Akwai jadawalin abubuwan da suka faru da aka shirya mana don wannan. A nan ne kuma ake gane mai amana. Yaro ɗan shekara 4 yana nufin kundi mai tsawo da awo, ɗan shekara 5 kuwa aikinsa ya fi sauƙi. Mai son gamawa da wuri sai ya ɗaga shekarar. Masu duba bayanai sun san da wannan, kullum suna fitar da jadawalin shekaru, da zarar sun ga 'yan shekara 4 sun yi ƙaranci 'yan 5 sun yi yawa a wata tawaga sai waya ta biyo baya. Haka suke duba lambar ƙarshe ta awo. Idan kusan duk awonka yana ƙarewa da sifiri ko biyar, an san cikewa kake yi da ka, ba karantawa ba.

Yaron farko da tef ya nuna mini ja a damtsensa, hannuna sai da ya yi rawa. Yarinya ce da ba ta cika shekara biyu ba, ba ta ma yi kukan da sauran ke yi ba, ta bar mini hannun kawai. Na sake aunawa, na kira shugaban tawaga ya duba. Wannan ne kaɗai wurin da binciken ke taɓa yaro kai tsaye: akwai takardar tura mara lafiya, muka cike ta, muka yi wa uwar bayani cewa ta kai ta asibitin da ke kula da tamowa ba tare da jinkiri ba. Ta ce, "Yaya, da kuɗi ne?" Na gaya mata abin da aka sanar da mu game da cibiyar, ban ƙara komai daga kaina ba. Shugabanmu ya kira ma'aikacin lafiyar yankin ya sanar da shi. A ɓangaren manyan yara kuma akwai gwajin karatu da lissafi ga 'yan shekara 7 zuwa 14, gajeren labari da 'yan tambayoyi. Abokiyar aikina ta ce abin da ya fi taɓa ta shi ne yaron da ya yi shekaru yana zuwa makaranta, ya riƙe takardar da ladabi, ya kasa haɗa kalmar farko. A takarda yana cikin masu zuwa makaranta, don haka ma'aunin zuwa makaranta kaɗai ba zai taɓa gano shi ba.

Dare kuma na tura bayanai ne. Kowa ya miƙa aikinsa ga shugaban tawaga, ya duba, ya mayar da mai gyara, sannan a nemi inda sabis yake a tura wa hedikwata. Wani lokaci sai mun yi tafiya da mota kafin mu samu. Caji ya zama abin tattali, kowa na lallaɓa batirinsa. Masu sa ido sukan zo ba sanarwa, su koma gidan da aka gama su sake wasu tambayoyin, su gwada da namu. Da farko abin ya yi mini zafi, ina ganin rashin yarda ne, daga baya na ga kariya ce ga wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah. Da aka kammala muka koma ofis mayar da kaya. Sai an duba kwamfutar hannu, sikeli, katako da caja, an sa maka hannu a takardar sallama, sannan sunanka ya shiga jerin biya. Wanda ya ɓatar da wani abu an cire daga kuɗinsa. Ragowar kuɗinmu ya yi jinkiri sosai, muka yi ta zarya, kowane tebur na tura mu na gaba. Abin da ya cece ni shi ne na riƙe kwafin takardar ɗaukar aiki da ta sallama, na kuma rubuta ranar da kowane kaso ya shigo. Waɗanda suka je a ƙungiyance da takarda ɗaya mai sa hannun kowa sun fi samun amsa da wuri fiye da masu zuwa ɗai-ɗai.

Rahoton bai fito ba sai bayan watanni masu yawa, domin sai an tace bayanan an yi musu lissafin da zai sa gidajen da aka zaɓa su wakilci sauran jama'a. Da na buɗe shi babu sunan kowa, babu na gari, sai kaso da jadawali. Na yi ta tambayar kaina ko wahalar ta biya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne duba inda irin waɗannan alƙaluma suka kai wasu ƙasashe. Meksiko ta fara biyan iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin makaranta da asibiti a 1997, ta kuma auna shirin tun daga farkonsa. Afirka ta Kudu ta fara tallafin yara a 1998. Barazil ta kafa rajista guda ta marasa ƙarfi a 2001, sannan shirin tallafin iyalai na Bolsa Familia ya biyo a 2003. Birtaniya ta yi dokar talaucin yara a 2010, Niyu Zilan ta yi tata a 2018, wadda ta wajabta wa gwamnati sa wa kanta maƙasudi da bayar da rahoto. A Amurka, da aka faɗaɗa tallafin harajin yara a 2021, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin 100, da shirin ya ƙare ya koma 12.4 a 2022. Ba don ana aunawa kowace shekara ba, da babu mai iya nuna wannan da yatsa. Najeriya ma ta fitar da nata ma'aunin a Nuwamba 2022, wanda ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kusan biyu cikin kowane yara uku na ciki. Ƙasashen duniya sun yi alƙawari a 2015 cewa kafin 2030 za su rage irin wannan talaucin da rabi, har da na yara. A ganina bincike ba ya ciyar da kowa, kuma gwamnatin da ta tsaya a buga rahoto da bikin ƙaddamarwa ta ci amanar iyayen da suka ba mu sa'o'insu. Amma kuma ban ga yadda za a matsa wa gwamnati ta sa kuɗi a inda ya dace ba idan babu lambar da za a riƙe ta da ita.

Ga mai son shiga aikin, ya daidaita sunansa a dukkan takardunsa tun kafin sanarwa ta fito, ya faɗi gaskiya a kan harsunan da yake ji, ya tanadi kuɗin farko, ya ajiye kwafin duk takardar da ya sa wa hannu. Ya kuma shirya zuciyarsa, domin zai ga abin da ba zai iya gyarawa ba, kuma ba shi da izinin yin alƙawari. Ga iyaye kuwa, idan aka zo muku, ku nemi ganin katin shaida da wasiƙa, ku tambaya a fili: bincike ne ko rajistar tallafi? Mai bincike ba ya karɓar kuɗi, ba ya neman lambar sirrin katin banki. Kada ku ɓoye abin da kuke da shi da zaton za a ba ku wani abu, kada kuma kunya ta sa ku rufe rashin da ke akwai, duka biyun suna karkatar da lissafin da za a yi wa yaran yankinku kasafi da shi. Ku ajiye takardar haihuwa da katin rigakafi wuri guda inda ruwa ba zai taɓa su ba, yaron da ba a yi wa rajistar haihuwa ba kuma a je a yi masa, domin rajistar tallafi da makaranta duk sukan nemi ita. Idan rahoton ya fito, yawanci ana sa shi kyauta a shafin hukumar ƙididdiga. A nemi mai karatu ya ciro shafin jiharku ko lardinku, ya duba kason yaran da ba sa makaranta da na waɗanda suka tsumbure, a kai wa wakilinku kafin a zauna kasafin kuɗin shekara mai zuwa.